Bikin Godiya na Amurka: na kaka ne ko na talo-talo?

Bakatsine_77: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu gare ni ga mazauna Amurka da masana girki. Wannan biki da suke kira Thanksgiving, ana cewa bikin kaka ne, na godiya da haɗuwar dangi. To abin da ke ɗaure min kai, a ƙarshen Nuwamba ake yinsa, lokacin da sanyi ya sauka har wasu jihohin sun fara ganin dusar ƙanƙara, kuma yawancin masu yinsa ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ina kakar take? A ganina bikin cin talo-talo ne kawai aka raɗa masa suna mai daɗi. Ta biyu, a ce gida zai karɓi mutum 12 a ranar, me da me ake haɗawa, kuma daga ina ake farawa?

Malam_Na_Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, kakar tana can asali. Jirgin ruwa mai suna Mayflower ya sauke Turawan Ingila a Plymouth, cikin jihar Massachusetts ta yanzu, a ƙarshen 1620. Fasinjoji 102 ne, kusan rabinsu sanyi da cuta suka kashe kafin a shiga damina. 'Yan ƙasa, wato al'ummar Wampanoag, su suka nuna wa waɗanda suka saura yadda ake noman masara a wannan ƙasar. Da aka girbe a kakar 1621 sai aka yi kwana uku ana ci, Turawa kamar 50, Wampanoag kamar 90 tare da sarkinsu Massasoit, kuma su ne suka kawo barewa biyar. Wannan ya faru ne tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba, a tsakiyar kaka ke nan.

Ranar da ake yi yanzu kuwa aikin hukuma ce. Shugaban Amurka na farko, George Washington, ya ayyana 26 ga Nuwamba 1789 ranar godiya. Abraham Lincoln, a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa, ya sa ta Alhamis ɗin ƙarshe ta Nuwamba, bayan wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ta shekara da shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙa a kan haka. A 1939 Nuwamba ya zo da Alhamis biyar, 'yan kasuwa suka koka cewa kwanakin cinikin Kirsimeti za su ragu, shugaba Franklin Roosevelt ya jawo bikin baya da mako ɗaya. Wasu jihohi suka bi, wasu suka ƙi, aka yi shekaru biyu ana rikici. A 1941 majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu. Shi ya sa ba ya fita tsakanin 22 da 28 ga Nuwamba.

Uwargida_Minnesota: Malam ya gama da tarihi, bari in ɗauki ta biyun. Ba daga tukunya ake farawa ba, daga kalanda ake farawa. Lissafin nama rabin kilo zuwa giram 600 ne ga kowane mutum, domin ƙashi ya ci kaso mai yawa. Mutum 12 ke nan talo-talo mai kilo 6 zuwa 7, a kanti za ka ga an rubuta laba 14 ko 15. Yawanci a daskare ake sayar da shi, kamar dutse. A firiji yake narkewa, kwana ɗaya ga kowane kilo 2. Mai kilo 6 da rabi yana son kwana uku da ɗoriya, don haka a fito da shi daga firiza ranar Asabar da dare ko Lahadi da safe, a sa shi cikin tire mai zurfi a can ƙasan firiji don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abinci. Wanda ya tuna da shi ranar Laraba da dare ya riga ya makara.

DanDamagaram: Hajiya, idan an makara fa? Sai a haƙura a ci shinkafa?

Uwargida_Minnesota: Akwai mafita, sai dai da wahala. A bar shi cikin ledarsa, a nutsa shi a ruwan sanyi, a riƙa canza ruwan duk rabin awa. Awa ɗaya da 'yan mintuna ga kowane kilo, wato kamar awa 7 ga namu. Da ya narke a dafa nan take. Abin da ba a yi shi ne a ajiye shi kan teburin kicin ya kwana, ko a zuba masa ruwan zafi. Waje zai yi ɗumi ƙwayoyin cuta su hayayyafa, ciki kuma yana nan da ƙanƙararsa. Ana iya gasa shi a daskare ma, amma lokacin gashin zai ƙaru da rabi.

Kuma kowa ya tuna: akwai ƙullin kayan ciki, hanta da ƙundu da zuciya, da ake cusawa ta wajen wuya, shi kuma wuyan yana cikin cikin. A laluba ƙofa biyun a cire. Duk shekara sai an samu waɗanda suka gasa shi da ƙullinsa.

Sarkin_Pawa_Bronx: Kafin a kai ga narkarwa, maganar yanka. Talo-talon manyan kantuna ba yankan Musulmi ba ne sai wanda aka rubuta halal a jikinsa. Mai son na halal ya ba mahauci oda tun mako biyu ko uku kafin ranar, ya faɗi nauyin da yake so, saboda a makon bikin manya kawai ke saura ko kuma babu. A New York akwai wuraren sayar da kaji masu rai, ka zaɓa a yanka a fige maka. Irin wannan ba ya buƙatar narkarwa, amma kada a karɓo shi fiye da kwana biyu kafin girki.

Shawara ta biyu: ƙanana biyu sun fi ƙato ɗaya. Mai kilo 10 kafin cinyarsa ta nuna ƙirjin ya zama ƙiraren itace.

Yar_Zango: Ni dai ban gane wannan gashin gaba ɗaya ba. A yanyanka shi, a wanke da lemon tsami, a tafasa da albasa da citta da tafarnuwa, a soya, a juye cikin attaruhu. Wa zai ƙi ci?

Chef_Bazazzagi: Anti, ba wanda zai ƙi ci, amma a lura da irin tsuntsun. Talo-talon gida da muka sani yana yawo yana shekara, namansa da tauri, dole sai an tafasa. Na Amurka wani iri ne fari mai faɗin ƙirji da ake yankawa yana wata huɗu zuwa biyar. Ƙirjin ya yi girman da ba ya iya barbara da kansa, sai an yi masa ta hannu. Namansa laushi gare shi kuma ba kitse a ƙirji. Idan aka tafasa shi kamar na gida sannan aka soya, ƙirjin zai zama kamar audugar katifa. In yanyankawa za a yi, cinya da fiffike su tafi tukunya, ƙirji a gasa shi daban.

Wankewa kuma, hukumar noma ta Amurka cewa take kada a wanke. Ruwan famfo ba ya kashe ƙwayar salmonela, fantsama ta yake yi kan kwanuka da wuƙaƙe. Wuta ce ke kashe ta. Na san wannan magana ba za ta shiga kunnen iyayenmu mata ba. Wadda ba za ta iya haƙura ba ta wanke cikin roba mai zurfi ba a ƙarƙashin famfo ba, ta kwashe komai daga wajen, sannan ta wanke wurin da sabulu da ruwan zafi.

Yar_Zango: Naman da ba a wanke ba dai ba zai shiga tukunyar Bahaushiya ba, Chef. A bar wannan maganar.

Bakatsine_77: Kun ga abin da nake faɗa? Mun yi magana takwas, bakwai a kan talo-talo. Malam_Na_Tarihi, shin su mutanen 1621 ɗin ma sun ci shi?

Malam_Na_Tarihi: Wasiƙar Edward Winslow, ɗaya daga cikin Turawan, wadda ita ce shaidar bikin, cewa ta yi an aiki mutum huɗu farautar tsuntsaye, ba ta ambaci irinsu ba. Gwamnansu William Bradford ya rubuta a wani wuri cewa talo-talon daji ya yi yawa a wannan kakar. Abin da aka tabbatar shi ne naman barewa da tsuntsaye da masara. Babu dankalin turawa, babu fai na kabewa (gasasshen ɓawon fulawa da ake cikawa da kabewa mai zaƙi) domin ba su da fulawar alkama da man shanu, babu miyar kiranberi mai zaƙi (wasu jajayen 'ya'yan itace ne masu tsami) domin sukari ya yi ƙaranci. Teburin da ake gani yau ya haɗu ne a ƙarni na 19 a yankin New England na arewa maso gabashin Amurka, mujallun mata suka yaɗa shi.

Gimbiya_Toronto: A ƙara da cewa ba Amurka kaɗai ke yi ba. Kanada na yin nata ranar Litinin ta biyu a Oktoba, majalisa ta tsayar da haka a 1957. Wannan ya fi kusa da girbi na gaskiya, ana tsakiyar kwasar kabewa da tuffa. Gidaje da yawa ranar Lahadi suke cin abincin, Litinin a huta. Laberiya ma tana yi, Alhamis ta farko a Nuwamba, gadon bayin da aka 'yanta suka komo daga Amurka.

Injiniya_Noma: Bakatsine, ka duba teburin da kyau za ka ga kakar. Kabewa, masara, dankalin Hausa, dankalin turawa, tuffa, gyaɗar pikan, kiranberi, duk amfanin Satumba zuwa Nuwamba ne. Kiranberi a fadama ake nomansa a Wisconsin da Massachusetts, idan ya nuna a cika gonar da ruwa, a kaɗe 'ya'yan su taso sama a kwashe. Masarar jihohin tsakiya kamar Iowa da Illinois kuwa har cikin Nuwamba ana girbinta. To ƙarshen Nuwamba lokacin da manomi ya gama kai amfani rumbu ne. Mu ma ai ba ranar da aka yanke gero ake kalankuwa ba, sai an kimtsa an huta sannan a kira makaɗa, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito.

Chef_Bazazzagi: Bari in ba da gashin dalla-dalla, tunda shi ne inda ake faɗuwa.

Gishiri tun da wuri. Giram 10 ga kowane kilo, wato kamar giram 65 ga mai kilo 6 da rabi. A tsane shi da takardar kicin, a ɗaga fatar ƙirji da yatsu a hankali, a shafa gishirin a kan tsokar da cikin cikin da cinyoyi, a mayar firiji kwana ɗaya ko biyu. Daren ƙarshe a bar shi a buɗe don fatar ta bushe, ita ce za ta yi ƙaras-ƙaras. Amma a karanta ledar tukuna. Da yawa an riga an yi musu allurar ruwan gishiri a masana'anta, na kosha na Yahudawa ma da gishirinsa yake zuwa. Aka ƙara wa irin waɗannan cikakken gishiri, ba mai iya ci.

Ranar Alhamis a kunna oben a digiri 163, a oben ɗin Amurka 325 za ka gani. A kwaɓa man shanu giram 100 da tafarnuwa da masoro da ganyen ƙamshi, a tura ƙarƙashin fata. Mai son yajin tsire ya sa a nan, sai dai ƙuli-ƙulin cikinsa yana saurin ƙonewa, ƙarƙashin fata ya fi masa. A ɗora kan raga cikin tire, ƙirji sama, a zuba ruwa kofi biyu da albasa da karas a ƙasan tiren. Mai kilo 6 da rabi yana cin awa uku da rabi zuwa huɗu. Idan ƙirji ya yi ja da wuri a rufa masa foyil.

Agogo ba ya gaya maka ya nuna. Ma'aunin zafi na nama ne ke faɗa: digiri 74, wato 165 a nasu, a tsokar ƙirji mafi kauri da can cikin cinya, ba tare da ƙarfen ya taɓa ƙashi ba. Cinya ta fi daɗi idan ta kai 80. Wannan ɗan jan maɓallin roba da ake soka wa wasu a ƙirji, kada a jira shi, sai nama ya bushe yake tasowa. Da an fitar a bar shi ya huta minti 30. Aka yanka da zafinsa, romon zai malale kan katako.

Baban_Khalifa: Yawan buɗe oben ana ɗiban romo ana zuba masa a kai fa? Haka ake nunawa a talabijin.

Chef_Bazazzagi: Ba ya ratsa fata, Alhaji. Zafi kawai kake zubarwa duk buɗewa, gashi ya ƙara tsawo. Wanda ke son sauri ya cire ƙashin baya da almakashin kicin, ya kifa tsuntsun ya danne ƙirji har ya baje kamar kazar 'yan tsire. A haka mai kilo 5 zuwa 6 yana nuna cikin awa ɗaya da rabi a digiri 220, kuma cinya da ƙirji suna isa kusan tare. Illarsa ɗaya, ba za a samu hoton nan na ƙaton tsuntsu a tsakiyar tebur ba.

Hajiya_Mai_Lalle: Sarkin Pawa ya yi maganar yanka, amma wallahi tarkon ba a naman yake ba, yana cikin ƙananan kwanuka, musamman ga wanda maƙwabta suka gayyata. Cushen burodi da ake ci da talo-talo, gidaje da yawa da tsiran alade suke yinsa. Ganyen kolad na mutanen kudu da ƙafar alade mai hayaƙi ake dafa shi. Koren wake a kan barbaɗa masa soyayyen naman alade. Ɓawon fai wani da kitsen alade ake murza shi, har garin burodin masara na kwali akwai mai kitsen a ciki, a karanta. Alewar mashmalo da ake jerawa kan dankali yawancinta da jelatin ɗin alade ce. Romon kuma wasu na zuba masa giya, fai na pikan ma haka. Tambaya ba abin kunya ba ce a can, sun saba da masu cewa ba sa cin kaza ba sa cin kaza. A faɗa wa mai gida tun mako guda kafin ranar, kada a bari sai an zauna.

Mai girki a gidansa kuwa, kyafaffen talo-talo na halal yana maye gurbin aladen a ganye, man shanu ya maye kitsen.

DanDamagaram: Wani ya ce suna cin doya da sukari a ranar. Gaskiya ne?

Hajiya_Mai_Lalle: Ba doya ba ce, ɗana. Dankalin Hausa ne mai jan ciki, suke kiransa da sunan doya. Aka aike ka sayen doyar biki ka je shagon 'yan Afirka ka ɗauko ta sakwara, ka ɓata girki.

Abu_Sumayya: Ina ganin an tsallake tambayar da ta fi kowace. Ya halatta Musulmi ya yi wannan biki? Idi biyu gare mu. Godiya ga Allah kuma ba ta da rana ɗaya a shekara. Godiyar manomi a Musulunci an faɗe ta a Suratul An'am, a ba da hakkin amfanin gona ranar girbinsa, hadisi kuma ya faɗi adadin: ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin idan ban ruwa aka yi da wahala.

Malama_Ummu_Hani: Malam Abu Sumayya, malamai sun saɓa a kan wannan, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu hanawa na kallonsa a matsayin idi na uku da koyi da wasu. Masu sassautawa na cewa hutun ƙasa ne da al'ada, ba shi da wata ibada da aka ɗora masa, Kirista da Bayahude da marar addini duk suna yi, kuma sada zumunci da ciyarwa abin nema ne a kowace rana. Abin da ke ƙasa shi ne, makarantu da yawancin wuraren aiki a rufe suke daga Alhamis, da yawa har Lahadi, alhali ranar Sallah sai mutum ya nemi izini. Shi ya sa iyalai Musulmi da yawa ke haɗuwa a ranar ko da tuwo za su ci. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, kada mu mayar da zauren nan wajen fatawa.

Malam_Na_Tarihi: Akwai ma waɗanda ba sa yinsa ba don addini ba. Zaman lafiyar 1621 bai wuce shekara 50 da 'yan kai ba. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da ɗan Massasoit, Metacom, aka kashe shi a 1676, aka sayar da mutanensa da yawa bayi. Tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan Alhamis ɗin, a kan tudun Cole's Hill, suna kiranta ranar makoki. Wanda zai koya wa yaransa labarin masara da barewa ya haɗa musu da wannan.

Uwargida_Minnesota: Mu koma kicin, Bakatsine na jiran sauran kwanukan mutum 12.

Dankalin turawa kilo 2 da rabi zuwa 3. A fere, a ɗora a ruwan sanyi da gishiri, in ya nuna a tsane sosai, a dama da man shanu giram 150 da madara mai ɗumi kamar kofi ɗaya da rabi. Da ludayi ko abin dannawa, ban da bilenda, tana mayar da shi ƙullun ɗanko.

Miyar kiranberi ita ce mafi sauƙi: leda ɗaya mai giram 340, sukari kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya, minti 10 a wuta har 'ya'yan su farfashe. Da kanta take kauri in ta huce. A yi ta tun Talata. Tsaminta na kusa da na zoɓo, aikinta ta yanke maiƙon nama.

Romo mai kauri: a tafasa wuya da ƙundu tun Laraba. In an fitar da talo-talo a tsiyaye ruwan tiren, a ɗebe kitse cokali 6, a soya fulawa cokali 6 a ciki minti biyu, a riƙa zuba romo lita ɗaya kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. Aka juye gaba ɗaya, gudaji zai yi. A ɗanɗana kafin a sa gishiri.

Cushen burodi a gasa shi a kwanonsa daban. In aka cusa cikin tsuntsun, dole shi ma tsakiyarsa ya kai digiri 74 tunda ya sha ɗanyen ruwan nama, kafin nan kuwa ƙirji ya bushe. Burodin ya zama wanda ya kwana biyu ko aka busar, sabo yana zama kunu.

Fai na kabewa guda biyu, ranar Laraba. Kowane ɗaya: gwangwanin kabewa mai giram 425, ƙwai 2, madarar gwangwani mililita 350, sukari giram 150, kirfa da citta da kanumfari. Minti 15 a digiri 220, a rage zuwa 175 na minti 40 zuwa 50. A fitar tsakiyar na ɗan rawa. Aka jira ta daskare a oben, tsagewa zai yi.

Yar_Zango: To ina dafa-duka? Gidan 'yan Afirka ba a taro babu ita.

Uwargida_Minnesota: Sa ta, ƙanwata, ba mai hana ki. Kowace al'umma da abin da take ƙarawa. Baƙaƙen fatar Amurka na sa makaroni da cuku da fai na dankali, 'yan asalin Italiya na sa taliyarsu, 'yan Meziko nasu dabam. Ta ma taimaka, domin a kan murhu ake yinta. Oben ɗaya ne a gida, talo-talo ya mamaye shi awa huɗu. Wannan rabin awar da yake hutawa, ita ce damar ɗumama duk sauran.

Sarkin_Pawa_Bronx: Yar Zango, a Ghana ai an san wani sashe na tsuntsun nan tun da daɗewa. Cofi da ake soyawa a ci da soyayyar doya, gindin talo-talo ne da ake shigowa da shi daga waje, har gwamnati ta hana shigo da shi a 1999 saboda yawan kitse. In ka sayi cikakke kada ka yar da shi.

Kwamanda_Kashe_Gobara: Gargaɗi ga masu son suya cikin mai, domin ta yaɗu daga jihohin kudu na Amurka. Ranar nan ita ce kan gaba a gobarar girki a duk shekara a ƙasar. Tsuntsun kada ya wuce kilo 5 da rabi, ya narke sarai, a tsane shi ciki da waje. Ƙanƙara ko ruwa ya haɗu da tafasasshen mai, man zai yi ambaliya ya sauka kan wuta. Don sanin yawan mai, a sa tsuntsun cikin tukunyar tun da fari, a zuba ruwa ya rufe shi, a cire shi, a yi alama inda ruwan ya tsaya, a zubar a goge tukunyar ƙaƙas. Man gyaɗa zuwa wannan alamar, digiri 175, minti 7 zuwa 8 ga kowane kilo. A fili, nesa da gini, ba a gareji ba, ba a kan dandamalin katako ba. A kashe gas lokacin da ake saka shi, a saka a hankali, sannan a kunna. In wuta ta kama, ban da ruwa.

Bakatsine_77: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu godiyar fa? A ina take fitowa a cikin wannan hidima?

Gimbiya_Toronto: Kafin a fara ci. Mai gida ko dattijon wajen ya yi addu'a, a gidaje da yawa kuma a zagaya tebur, kowa har yara ya faɗi abu ɗaya da yake godiya a kansa a wannan shekarar. Ba a tsawaitawa, abinci na hucewa. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana, tun da fari ake raba wa kowa abin da zai kawo. Kuma abin kunya ne a san wani ɗalibi ko maƙwabci zai wuni shi kaɗai ba a kira shi ba. Coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin agaji na raba talo-talo da kayan abinci a makon, wasu su dafa su ciyar da marasa gida.

Baban_Khalifa: Ni a ganina zumuncin ya fi godiyar fitowa fili. Mutanen da 'ya'yansu ke warwatse, wani a Texas wani a Seattle, tafiyar awa huɗu a jirgi, wannan ne lokacin da kowa ke komawa gida. Laraba hanyoyi a cushe, Lahadin bayan biki kuma tana cikin ranakun da filayen jirgi suka fi cika. Mai tafiya da abinci ya sani: fai da nama suna wucewa a jakar hannu, amma romo da miyar kiranberi ruwa ake ɗaukarsu, in sun wuce mililita 100 sai a jakar kaya.

DanDamagaram: Wai gaskiya ne naman na sa barci?

Chef_Bazazzagi: Sinadarin da ake zargi, tiriftofan, yana cikin kaza ma kusan daidai da haka. Mutum ya cika ciki da dankali da burodi da fai, me zai hana shi gyangyaɗi? Tuwon rana ma yana yi.

Malama_Ummu_Hani: Lokacin ci ma a tsara shi da salla. Yawanci tsakanin ƙarfe 2 da 5 na yamma ake zama. A New York a ƙarshen Nuwamba La'asar na shiga biyu da 'yan mintuna, rana ta faɗi wajen huɗu da rabi. Ƙarfe uku ya yi daidai, tsuntsu ya shiga oben goma da rabi na safe. In akwai masu azumin Alhamis a gidan, a kai shi Magariba kowa ya ci tare, sai a saka shi da sha biyu.

Injiniya_Noma: Sauran al'adun ranar, don cikawa: faretin kantin Macy's a New York tun 1924, da safe ake kallo. Ƙwallon Amurka, ƙungiyar Detroit Lions na wasa a ranar tun 1934, Dallas Cowboys tun 1966. Shugaban ƙasa na yi wa talo-talo afuwa a fadar White House, George Bush uba ne ya mayar da shi al'ada a 1989. Yara biyu kuma su ja ƙashin nan mai reshe biyu na ƙirji, wanda ya samu babban ɓari wai burinsa zai cika. A bar ƙashin ya bushe tukuna, ɗanye lanƙwashewa yake ba ya karyewa.

Abu_Sumayya: Washegari kuma a ruga kantuna ana turereniya a kan talabijin mai rangwame. Jiya godiya, yau haɗama. Ita wannan Juma'ar ce ma kaɗai ta iso mu, har kantunan intanet na Najeriya na tallarta.

Bakatsine_77: To ai ka dawo kan maganata, Malam.

Injiniya_Noma: Bai dawo ba, kai cewa ka yi babu kaka a ciki. Ka sake karanta lissafin Uwargida ka nuna min kwano ɗaya da ba amfanin kaka ba.

Yar_Zango: Makaroni da cuku.

Uwargida_Minnesota: Ku ci gaba da musunku, amma a kwashe abinci daga tebur kafin awa biyu. A zare naman daga ƙashi, a raba cikin ƙananan robobi marasa zurfi don ya yi saurin sanyi, kada a tura gangar jikin gaba ɗaya cikin firiji. Kwana uku zuwa huɗu yake yi, wato zuwa Litinin, abin da zai wuce haka a kai firiza. A tanadi robobin da baƙi za su tafi da nasu, domin ba a barin kowa ya fita hannu wofi. Ƙasusuwan kuma a tafasa su awa uku da albasa da citta da kimba, romon ya isa farfesun Asabar.

Hajiya_Mai_Lalle: Romon nan a miyar kuka ma ba laifi. Wa ke da adadin gishirin jiƙo na ruwa, ga wanda firijinsa zai ɗauki bokiti? Chef na busasshe kawai ya bayar.